Yadda Dattijo Zai Yi Fushi da Sabon Bulon Roba Ba Tare da Girmansa Ya Zube Ba

Idan gemunka ya fara furfura, kana da iyali da kujera mai juyawa a ofis, amma har yau gabanka na faɗuwa don murna in ka ji ƙananan bulon roban nan na haɗa gini suna kacau-kacau a cikin kwali, to darasin nan naka ne. Na san halin da kake ciki. Kamfanin da ke yin bulon ya fito da sabon samfuri, ka daɗe kana jira, ya iso, ka buɗe, ka ga abin da ka gani. Yanzu ranka a ɓace yake kuma ba ka da wanda za ka faɗa wa, don a garin Bauchi babba ba ya kuka a kan kayan wasan yara.

Kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan daki-daki, na yi masa alkawarin zai huce haushinsa tas, girmansa na nan daram, ko surukinsa ba zai ji ƙanshin maganar ba. Na gwada su a kan abokina Mudathir, mataimakin darakta a wata ma'aikata, mazaunin unguwar Ɗan Iya, kuma har yau yana nan da ransa.

Mataki na 1: Haddace kalmar tsira

"Na yara ne." Ka maimaita ta har ta zauna a bakinka. Direban da ya kawo maka kwalin daga Kano ya girgiza shi yana tambaya, ka ce na yara ne. Maƙwabci ya leƙo, na yara ne. Ka faɗe ta da ɗan tsaki, irin na uban da 'ya'ya suka takura wa.

Da wannan kalma Mudathir ya yi shekara da shekaru yana gina tashar jirgin ƙasa ta Bauchi a kan wani faffaɗan katako da yake ɓoyewa a saman durowar ɗakinsa. Akwai dandamali, akwai tankin ruwa, akwai sigina mai ɗagawa, ga kan jirgi da taragai, duk da tsohon bulo, ɗaya bayan ɗaya. Bayan iyalinsa, ba shi da abin da yake so kamar tashar nan.

Aibin kalmar ɗaya ne, yara suna girma. Autar Mudathir, Ni'ima, tana jami'a, kuma ba ta taɓa kula bulon ba sai ranar da ta taka ɗaya da tafin ƙafa. Kada wannan ya dame ka. Ka ci gaba da faɗa, mutane suna da kawaici.

Mataki na 2: Buɗe kwalin kai kaɗai

Ka rufe ƙofa, ka sa sakata. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar mutumin da ya buɗe sabon samfurin nan ba abin nunawa ba ce. Mudathir ya yi gaggawa, ya buɗe nasa a tsakar gida, matarsa Hauwa'u na gefe tana tsince shinkafa.

"Abban Ni'ima, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Babu komai."

"To ka yi zugum kamar wanda ya faɗi zaɓe."

"Ki duba fa. Kan jirgin a haɗe ya zo, sukutum guda. To me yaran za su gina?"

Hauwa'u ta hure ƙaiƙayi daga faifai, ta ce, "Waɗanne yaran?"

Ka ga irin tambayar da nake so ka kauce wa. Ba ta da amsa, kuma mai yin ta ta san ba ta da amsa.

Mataki na 3: San abin da za ka zaga

Fushi babu ilimi hauka ne. Ka zauna ka tantance laifuffukan, don in ka tashi magana a san masani ne ke yi.

Kwalin ya kai na talabijin girma, abin da ke ciki bai cika kwanon sha ba. Kan jirgin da dā sai ka yi Asabar guda kana harhaɗa shi, yanzu an narko shi a dunƙule, aikinka kawai ka ɗora shi a kan dogo ka yi masa fatan alheri. Tagogi babu, sitika za ka liƙa, kuma duk yadda ka kai ga nutsuwa sai ta karkace. Ɗan littafin da ke nuna yadda ake gini sun cire shi, sun ce ka duba waya, wayar kuma duk bulon da ka ɗora sai ta tafa maka. Mutumin da ake miƙe wa in ya shiga ofis, shi waya ke wa tafi.

Mafi ciwo, sabon bulo ba ya kama tsoho. Ka danna ya zame, ka sake dannawa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Wannan kam raini ne, kuma ina goyon bayanka ka ji haushi.

Mataki na 4: Kai kukanka majalisa, amma da sunan tarbiyya

Ba kai kaɗai ba ne a garin nan. Ka nemi 'yan uwanka. Su Mudathir suna taruwa bayan la'asar a kan benci ƙofar shagon Habila, wani tsohon safiyo mai awon filaye da ya koma sayar da fenti, kuma sun sa wa zaman nasu suna Iyaye Masu Kishin Ilimi. Ƙa'idar majalisar ita ce ba a cewa "ni", sai dai "yarona".

"Yarona ya ƙi cin abinci tun da ya ga kan jirgin nan," in ji Habila.

"Nawa ma haka. Ya ce an ci amanarsa," in ji Mudathir.

Yaron Habila soja ne, yana da gashin baki da 'ya'ya biyu. Babu wanda ya ɗaga maganar. A haka za ku yi ta jajanta wa juna har a kira magariba, kowa ya tashi zuciyarsa ta ɗan yi sanyi.

Mataki na 5: Kada ka sauko da tsohon gininka falo

Nan ne ƙafar masu fushi ke zamewa. Zuciya za ta ce maka ka jera tsoho da sabo wuri ɗaya, ka ɗauki hoto, ka nuna wa majalisa bambanci. Kada ka biye mata.

Mudathir ya biye mata. Wata Asabar da hantsi ya sauko da tasharsa, ya shimfiɗa ta a teburin falo, ya ajiye sabon kan jirgin a gefe don ya ji kunya. Yana gyara sigina ruwan sama ya tsuge, kuma cikin ruwan ya ji sallama. Surukinsa ne, Alhaji Hammawa, mahaifin Hauwa'u, tsohon dillalin shanu da ke zaune a GRA. Dattijon Bafulatani ne mai kunya, sai ya shekara bai taka gidan 'yarsa ba. Ran nan ta'aziyya ce ta kawo shi unguwar, ruwa ya tare shi, direba ya ce ga gida kusa.

Mataki na 6: Tuna cewa kalmar tsira tana da kaifi biyu

In suruki ya shigo, ka san abin da ya kamata. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka gaishe shi har gaisuwa ta ƙare ka sake ɗauko ta daga farko. Mudathir ya yi duk wannan, amma jikinsa bai kai faɗin tebur ba, balle ya kare tashar.

Alhaji ya daɗe yana kallon tashar. Can ya ce, "Wannan fa?"

"Na yara ne, Baffa."

"Ai yaranku sun girma." Ya sake kallon tankin ruwan. "Ni kuwa gidana cike yake da jikoki, sun ishe ni da ƙwallo. A sa a mota."

Ka lura da kyau. Abin yara, in kakansu ya nema wa wasu yaran, babu bakin hanawa. Kara ba ta bar maka ko tari ba. Mudathir ya gwada dabarar ƙarshe, ya ce, "Ga ma sabo, Baffa, da kwalinsa. Ya fi dacewa da ƙanana."

"Madalla. A haɗa duka."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da hannunsa Mudathir ya ɗauki katakon, ya lulluɓe shi da babbar rigarsa saboda yayyafi, ya sa a kujerar baya, ya haɗa da jakar ragowar tsohon bulo, har yana cewa direba ya bi ramuka a hankali. Motar na fita layi ya koma falo ya zauna gaban tebur babu komai a kai. Baƙin ciki ya ji na gaske.

Hauwa'u ta tsaya a bakin ƙofa. Wannan karon ba ta yi masa dariya ba.

"Ka ce naka ne kawai. Wallahi yanzu in sa mayafi in je in karɓo maka."

"In ce wa Baffa ni nake wasa da shi?"

"To ka zaɓa, ko tashar ko girman."

Ya zaɓi girman. Haka nake so kai ma ka yi, ko da za ka rame.

Mataki na 7: Je ka gaisuwa, ka shirya ganin kango

Ba a fushi da suruki. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka sa hularka ka tafi, ka shirya zuciyarka za ka ga sigina a bakin akuya, tarago a cikin kwata.

Mudathir ya isa GRA ya tarar da jikokin a tsakar gida suna buga ƙwallonsu, babu mai riƙe da bulo ko ɗaya. Aka yi masa iso zuwa falon Alhaji na ciki, wanda ba kowa ke shiga ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ɗan saci kallo.

Tashar na kan tebur, ko sigina bai goce ba. A bayan tankin ruwa kuma ga wani sabon abu da ba shi ya gina ba: ɗan shinge da gangara mai hawa zuwa bakin tarago, an yi su da ragowar tsohon bulonsa. Gilashin karatun Alhaji na ajiye a gefen dogo. Sabon kan jirgin nan kuwa an tokare ƙofa da shi.

Alhaji na kallon taga ya ce, "Yaran sun ce a faɗa muku kun manta wurin lodin shanu. A nan yake, bayan tanki. A nan muke loda su zuwa kudu, tun ina saurayi."

"Yaran sun yi gaskiya, Baffa."

"Sun kuma ce sabon nan ba shi da amfani. Kan jirgi a haɗe, taga ta takarda. To me mutum zai gina?"

"Haka nawa ma suka ce."

Dattijon ya sa hannu ya turo kwanon bulo gefen da Mudathir yake, har yanzu idonsa na kan taga.

"Rufin taragon shanun ya gagare su. In kuna da sarari, ku duba musu."

Mudathir ya matso a kan gwiwoyinsa, kansa a sunkuye, ya zaɓi bulo. Alhaji ya sa gilashinsa. Babu wanda ya kalli wani. Suna cikin haka wani ɗan jika ya ɗaga labule ya leƙo, idonsa a kan jirgin.

"Kai, fita," in ji Alhaji. "Za ka ɓata wa yara kayansu."

Tun daga ranar, duk Asabar Mudathir yana GRA wajen gaisuwa, har dangi na yaba masa cewa ba a taɓa yin suruki mai zumunci irinsa ba.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa tasharsa, ko girmansa, ko ya faɗa hannun surukin da jikokinsa da gaske suke wasa, babu ruwana, kada a zo mini gida. Ban san kamfanin ba, ban san Mudathir ba in an je gaban alƙali, kuma ni kaina ban taɓa riƙe bulon roba ba. Sai dai in akwai mai ragowar tsofaffin jajaye, ƙananan nan masu kai biyu, ya bar mini a shagon Habila. Na yara ne, in Allah ya kawo su.