Yadda Za Ka Raba Wa Manhajojinka Layi Don Tsere Wa Gayyar Albasa

Ɗan'uwa mazaunin gari, in kana da layin intanet biyu a gida, kuma dangi sun matsa maka da kiran bidiyo duk lokacin dashen albasa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka sake taɓa laka ba. Malam Tamu Magaji na Jega ya gwada, kuma har yau bai ƙara taka fadama ba.

1. San halin layukanka

Tamu biyu gare shi. Na farko na'urar waifai ce da ya ɗaure eriyarta a kan dogon gora bayan ɗaki, gudu take kamar an koro ta. Na biyu tsohon modem ne, sai ya yi nishi uku kafin ya buɗe hoto ɗaya. Marar dabara ne ke jefar da irin wannan. Kai adana shi.

2. Nuna wa kowace manhaja ƙofarta

Shiga saitin kwamfutarka ka yi rabo. Kallon dambe, ƙwallo da farashin albasa a kasuwar Aliero su bi layin gora. Manhajar kiran bidiyo kuwa, tura ta kan modem, don da ita Baffa Gado ke neman Tamu daga ƙauyensu, Gumbin Kure. In saitin ya gagare ka, kai wa mai gyara, ka ce tsimin data kake yi.

3. Kada ka ƙi ɗauka

Nan ne sababbin hannu ke kwafsawa. Baffa Gado ƙanin mahaifin Tamu ne, kuma a hannunsa fadamar bakin gulbi take tun rasuwar tsohon. Tamu ya daɗe da sa ran za a ba shi ita in an tashi rabo, ya zuba 'yan ƙwadago, yana zaune a Jega buhuna na iso masa. Mai irin wannan buri ba ya kashe wa baffa waya.

Saboda haka ɗauka da fara'a, ka gaida tsoho, ka tambayi ƙafarsa mai ciwo. Modem ya san aikinsa: kafin a kai ga maganar ranar gayya, hoto ya daskare. Washegari sai ka aika saƙo kana tsine wa sabis.

4. Gyara fuskar da za ta daskare

Ba kowace fuska ta dace ta tsaya a hannun dangi minti biyar ba. An taɓa kama Tamu baki buɗe yana hamma, aka yi mako ana nuna hoton a majalisa. Daga nan ya koyi darasi: da an gama gaisuwa sai ya sunkuyar da kai kaɗan, ya dafa ƙirji, ya saki murmushin ladabi, ya riƙe shi har layin ya mutu.

5. Yi hattara da mai ɗakinka

Zinatu, matar Tamu, ta shigo da kunu wata safiya, ta tarar da Baffa a sandare a gefe guda na allo, a ɗaya gefen kuma 'yan dambe na zabga wa juna naushi ba ko gargada. Ta tambaya yadda aka yi sabis ya san ɗan dambe bai san baffa ba. Tamu ya ce harkar na'ura ce, ba za ta gane ba. Ta ajiye kofi ta ce ta gane sarai.

6. Kada ka yi zaton kowane kira na gayya ne

Damina biyu da rani biyu dabarar na ci. Ran wata Asabar da hantsi kira ya shigo. Kalilu, ɗan Baffa, wanda bai taɓa fashin gayya ba, shi ke riƙe da waya, dangi sun cika zaure. Tamu ya gaisa, ya dafa ƙirji, ya murmusa, ya koma kan dambensa. Bai ji komai ba daga nan, amma su suna ganin hotonsa a daskare.

Ashe ranar rabo ce. Baffa ya matso da fuskarsa ya ce, "Tamu, hwadamar bakin gulbi, mun ka ce a bar ma Kalilu tunda shi ad da hannu cikinta. In kana da magana, hwaɗi yanzu."

Aka jira. Ya maimaita har sau uku, kamar yadda aka saba. Tamu na nan kai a sunkuye, hannu a ƙirji, murmushi har kunne.

"Kun gani?" in ji Baffa. "Wanga yaro akwai ladabi. Allah shi yi mai albarka."

Aka shafa fatiha, Kalilu ya ɗauki hoton allon don shaida. Da labari ya iso Jega, Tamu ya hau babur ya yi Gumbin Kure, ransa a ɓace. Bai samu bakin magana ba, don tun daga bakin gari tsofaffi ke tare shi suna yaba masa zumunci. Da ya dawo ya ce zai fasa modem ɗin, Zinatu ta ce ya bar shi, shi kaɗai ne ya yi aikin da aka sa shi.

Gargaɗi: mai wannan rubutu alkawari ɗaya ya ɗauka, cewa ba za ka sake taɓa laka ba, kuma ya cika. Abin da ya shafi fadama, gado ko dariyar matarka, babu ruwansa. Mai ƙorafi ya kira shi ta bidiyo, zai ɗauka da fara'a.