Yadda Dakta Fenti Ya Kori Gwaggo

"A ba ni bokitin fenti da buroshi, babu ɗan Adam ɗin da ba zan juya ba!"

Kullum abin da mai gyaran waya na bakin layi ke faɗa ke nan, tun ranar da ya kalli wani bidiyo na minti huɗu a wayar da aka kawo masa gyara. Wai launi ne ke tuƙa zuciyar mutum. 'Yan layi suka laƙaba masa Dakta Fenti. Shi kuma bawan Allah, kai kamar tulu, ya ɗauka girmamawa ce.

Sai ga saƙo: Gwaggonsa za ta zo ganin likitan gwiwa. Wannan Gwaggo, jama'a, a zuwanta na ƙarshe kwana uku ta ce, ta share wata biyu, ta ƙwace masa kujerar falo da rimot. Kuma wa ya isa ya ce wa yayar ubansa ta tafi?

"Bana kwana uku cif," ya ce wa matarsa. "Ja zan shafa wa ɗakin baƙi. Ja na tayar da jini, mutum ba ya iya zama."

"Baban yara, ka dai bi a hankali."

"Ke yi shiru, wannan ilimi ne."

Gwaggo na leƙa ɗakin ta rangaɗa guɗa. "Ɗan nan, wa ya gaya maka ja ne launina tun ina budurwa?"

Jini kuwa ya tashi. Ta jefar da sanda, ta kakkaɓe katifu, ta juya kicin. Da aiki ya ƙare ta bi shi shago, ta zauna tana ba masu kawo gyara labarin yadda ya yi fitsarin kwance har shekara tara.

"Maganin ne ya yi ƙarfi," in ji Dakta yana share gumi. "Shuɗi zai sanyaya ta, ta tuna gida."

Ranar da aka kai ta asibiti ya rufe shago, ya yini yana shafa. Gwaggo ta dawo ta kwanta, ba a sake jin duriyarta ba sai washegari da hantsi.

"Shekara goma rabona da barci irin wannan," ta ce tana miƙa. Nan take ta buga waya gida a aiko mata sauran kayanta, har da keken ɗinki.

Dakta ya kusa haɗiye buroshi. Amma gogan bai daddara ba.

"Saura ruwan toka. Yana kashe zuciya murus. Ko maroƙi aka sa ciki sai ya fashe da kuka."

Da aka sake kai ta asibiti ya shafe bango, ya shafe silin, ya shafe ƙofa, har ƙafar gado bai bari ba.

Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta dafe ƙirji. "Kabari ka haƙa mini da raina? Wallahi ba zan kwana a nan ba!"

Daɗi kamar ya kashe Dakta. Ya sunkuci jakunkuna, ya ɗora keken ɗinki a ka, ya nufi ƙofar gida har da ɗan sassarfa.

"Kai, uban 'yan rawar kai, ina za ka da su? Ɗakinka za ka kai. Ni da 'yata, matarka, mu kwana can. Kai da ka san kan launi, zauna da abinka."

Bayan mako guda matarsa ta kai masa shayi da rana tsaka. Ta tarar da shi a ɗakin ruwan tokar, a bakin gado ya zabga tagumi, gemu buzu-buzu, ido ya ciko da ƙwalla.

"Baban yara, na ba ka haƙuri," ta ce. "Ashe ilimin nan naka gaskiya ne."

Daga falo, kan kujerarsa, da rimot a hannu, Gwaggo ta ɗaga murya:

"Dakta! In ka gama kukan, zo ka shafa mini kore a falon nan. An ce yana sa mutum ya ji ba ya son tafiya ko'ina."