Matar Halidu a Radiyo

"…da gajiya kuma, Kaka?"

"Ba gajiya, zabiya. Shigo mana. Ko sai an yi miki guɗa?"

Halidu ya tsaya a bakin ƙofa da manyeto, akwatin sa kaset, a hammata. Ashe labari ya riga shi zuwa gida. Kaka Kaltuma tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar wake, ba ta ko ɗago kai ba, amma kafaɗunta sai rawa suke yi don dariya.

Kowace shekara bayan girbi ana gasar waƙoƙi a Tawa. Ba a zuwa a tsaya gaban jama'a. Kaset ake aikawa, alƙalai su saurara, su fitar da gwani a kowane iri: na zamani daban, na makaɗan gargajiya daban, na addini har da 'yan coci, na yara, na mata. Halidu yana da teburin kwafar kaset a kasuwar Tamaske. Bana ya ari gita, ya rera waƙoƙinsa na zamani, ya aika. Yau da hantsi radiyo ya karanta sakamako, ya ce a waƙar mata ta gargajiya kaset na Halidu Alƙasim na Tamaske ne ya zo na ɗaya. Za a sa waƙar ranar Asabar bayan la'asar, mai kaset ya zo ya faɗi sunan mai muryar. Nan take kasuwa ta ɗauka, har mai nama ya tambaye shi kuɗin kitso.

Shi kansa bai gane komai ba sai da ya ɗauko kwafin da ya ajiye, ya juya bayansa. Can ya tuna. Ranar da ya gyara manyeton ya sa shi ɗaukar murya don gwaji, ya bar shi bisa katanga, ya tafi rijiya. Kaka ta zauna niƙa, tana tsammanin ba kowa a gidan, ta yi waƙa. A cikin waƙar kuwa ta kira sunan ɗanta na fari, uban Halidu, wanda ya tafi ci-rani Abijan tun Halidu yana rarrafe, ya zarce. Tunda Halidu yake bai taɓa jin wannan suna a bakinta ba. Sai dai ta ce "wancan". Yanzu ga shi ƙasar Adar duka za ta ji, in ba a je an hana ba.

"Na aje maka kallabi," in ji ta. "Zanen ne ban samu daidai kai ba, ƙugun naka kamar na hwara. Ni dai na yi asarar miji. Na ɗauka namiji na aura, ashe ƙawa na samu."

"Ke da kika samu saurayi ya rufa miki asiri? Wa zai kwashe ki, baki kamar tsohuwar jaka?"

"Jakar ta ci tuwon da ba ka ci ba. To zabiya, wa kika kayar?"

Ya zauna a kan turmi, ya yi ƙoƙarin yi mata bayani. Ta tambaya ko an buga ganga an share fage. Ya ce a'a, a ɗaki ake zama. Ta tambaya mawaƙan nawa suka shiga ɗakin. Ya ce ko ɗaya, kaset ne kawai. Ta ajiye waken, ta dube shi. Ta ce to su 'yan cocin da aka ce su ma sun ci, ya kayar da su ko sun kayar da shi? Ya ce ba su haɗu ba, nasu daban. Makaɗan kokawa fa? Su ma daban.

"Wato kowa ya ci."

"Ba kowa ba, Kaka. Kowane iri mutum guda."

"An yi kokawa, ba wanda ya zo, ba wanda ya hwaɗi, kuma mutum biyar sun ci. Su wa ke wanga aiki? Gwamnati ta san da su?"

Da safe abin a fili yake a wurin Halidu. Yanzu da ta jera shi haka, shi ma sai ya ji bai tabbata ba.

"Waƙar gitar taka hwa? Wadda ta hana awakina barci?"

"Ba su ambace ta ba."

"Ashe dai da masu hankali cikinsu."

Ya ga in ya biye mata rana za ta faɗi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ya ce bari ta ji waƙar da ta ci ɗin. Ya danna. Da fari ƙarar dutse ce kawai, gurr, gurr, sai murya ta taso a hankali, siririya, tana ɗan karkarwa.

Kaka ta karkata kunne. Ta taɓe baki.

"Wagga ce anka ba na ɗaya? Wagga ai ba ta da haƙori ko guda. Ji iska na hita."

"Kaka…"

"Kuma ba ta iya niƙa ba. Ji yadda take jan dutse, kamar mai jin yunwa. 'Yar ina ce? Ba dai 'yar garinmu ba, matanmu ba su kuka kamar akuya mai naƙuda. A ina ka samo ta? Au, ashe budurwa ka yi a bayan idona? Ka rasa wadda za ka yi mini kishiya da ita sai gyatuma?"

Ya rasa ko dariya zai yi ko ya kashe. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ba za ta san muryarta ba. A cikin kaset wata kaza ta yi kuka, mai waƙar ta tsaya ta kore ta da zagi. Kaka ta ce ko kazar ma irin tata ce wajen rashin kunya. Sai muryar ta koma kan waƙa, ta yi ƙasa:

"Alƙasim, hatsi ya shiga rumbu,
Na aje maka dawo har ya yi tsami,
Alƙasim, idona na kan hanyar Tawa."

Ƙwaryar wake ta zame daga cinyarta. Ba ta tare ba. Ta dubi manyeton, ta dubi dutsen niƙanta da ke jingine a inuwa, ta sake duban manyeton. Halidu ya kashe.

Ya durƙusa yana tsince waken da ya watse, yana gaya mata yadda aka yi, da katanga, da rijiya, da yadda bai duba bayan kaset ba kafin ya aika. Ya ce wallahi bai sani ba.

"To ni ina nan," in ji ta a hankali. "Ban je Tawa ba. Wa ke can?"

"Muryarki."

"Wagga ta cikin akwati hwa?"

"Ita ma taki ce."

"Biyu gare ni ke nan? Ɓarawo. Mazan kirki na satar wa matansu zobe, kai ka sace mini maƙogwaro ka kai birni. Ka tahi ka amso mini abina."

Ya ce abin da ya kawo shi ke nan. Gobe akwai mota. In ta ce a hana, zai je ya roƙe su kada su sa, ya ce mai muryar ba ta yarda ba, kyautar su ba wata. Ya faɗi haka yana duban ƙasa, don shi a ransa ba haka ya so ba, kuma ba shi da bakin da zai ce mata me ya sa.

Ta ce a hana. Ta ce ta tsufa da kunyarta, ba za a tsiraita ta a kasuwa ba. Matan da suka yi zamani tare, Salamatu da sauransu, da wane ido za ta dube su a wurin suna, an ji ta tana kiran ɗan fari gatsau kamar mai kiran jaki? Halidu ya ce to. Ya miƙe, ya ɗauki manyetonsa.

Har ya kai bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Radiyon nan, iyakarsa ina? Keita?"

"Ya wuce."

"Madawa?"

"Har Yamai, Kaka. Har gaba. Gajere da ya dawo ci-rani bara ya ce mutanenmu na Abijan kan taru ranar Asabar su kamo shi. Yana shashshaka, amma ana ji."

"Ni ban tambaye ka Abijan ba."

"Ba ki tambaya ba."

Ta jawo ƙwaryar, ta ci gaba da ɓara, amma kwasfa guda take ta juyawa a hannu. Can ta ce ita fa har yanzu ba ta yarda ita ce ba. Wannan tsohuwa mai kukan akuya, kowa ya ji ya san ba Kaltuma ba ce. Ta tambaya ko dole ne sai an faɗi suna. Ya ce dole, da shi za a rubuta takardar yabo.

"Dole sunan yanka?"

"Ba su ce ba."

"To ka ce musu matar Halidu."

"Matar… Kaka, ni ba ni da mata. Duk Tamaske an sani."

"Ni mi ce? Tukunya?"

Ta tashi da ƙyar, ta shiga ɗaki. Ya ji tana laluben wani abu a ƙarƙashin gado. Ta fito da tocilarta, ta murɗe gindin, ta zazzage pil biyu, wato batir, a tafin hannunsa, ta ce ya sa a radiyo ranar Asabar, nasa kullum a mace suke. Ba don tana son ji ba. So take ta tabbatar ba su ƙara wa tsohuwar mutane sharri ba.

"Ke kuma da mi za ki ga hanya?"

"Na san ɗakina." Ta koma ta zauna, dariya ta kuɓuce mata, ta goge ido da bakin zane. "Ka ce su ɗaga murya a wurin dawon nan. In wancan ya ji ka yi aure ba a gaya mishi ba, ai dole shi zo shi ga surukarsa."