Murfin Rijiyar Gidan Bunu

Jiya na yi sammako da garwata na nufi rijiyar unguwarmu, ina taƙamar ni zan fara ɗiba. Na tarar da mutum ashirin da wani abu a gabana, kowa ya kafa tulunsa a layi ya tsuguna yana gyangyaɗi. Sai da rana ta ɗaga sosai layi ya zo kaina. Na zura guga, na ji ta faɗa da wani irin sauti, caɓ! Abin da na jawo, kunun kanwa ma ya fi shi ruwa-ruwa. Haka na kinkimo shi zuwa gida. Mai ɗakina Larai ta leƙa garwar, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Maigida, tuwo za mu yi da wannan ko yaɓe?"

Ba ita ya kamata ta ji amsar ba. Ku masu karatu ku za ku ji.

Rijiyar nan mahaifin Malam Bunu ne ya haƙa ta, tun zamanin da mutane suka taso daga Katagum suka dawo Azare da zama. Bunu yana saurayi ya ja kwandon ƙasarta, da tsohon ya rasu kuma shi ya gaji igiyar. Zurfinta gaba goma sha huɗu. To, ƙasarmu yashi ce, kullum tana zuba ciki kaɗan-kaɗan, saboda haka duk bazara, kafin ruwan farko, ake yin gayyar yasa. Mata su dama fura, mahauta su kawo ɗan abin taɓawa, Jumare, Bafillatanin da shanunsa ke sha a kominmu, ya zo da ƙwaryar nono. Bunu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, mu kuma majiya ƙarfi mu yi ta jan kwandon laka har idon ruwa ya buɗe.

Ba laka kaɗai ke fitowa ba. Rabin tarihin unguwar nan daga ƙasan rijiyar yake hawowa. Bunu ya aiko da tsinkakkiyar guga, a ce ta wance ce, ranar sunan ɗanta ta tsinke. Ya aiko da warwaro, mai shi ta yi guɗa. Wata shekara butar shayin wani sojan Bama ya turo, wadda aka yi wata shida ana zargin maƙwabta a kanta. Ranar yasa ake shirya masu gaba, don ba ka iya jan igiya ɗaya da mutum kana ƙin yi masa magana.

Bara waccan, shekara biyu ke nan, Allah ya jefo mana alheri. Ranka ya daɗe Sarkin Awo, ma'aikacin hukuma mai alƙalami uku a aljihu da tef a hannu, ya sauka daga kan kekensa ya leƙa rijiyarmu, ya ja da baya yana salati. Ya ce rijiya a buɗe ƙauyanci ce, akuya tana iya faɗawa. Gaskiyarsa. A shekara arba'in akuya ɗaya ta taɓa faɗawa, Bunu ya fito da ita da ranta, har ta yi tagwaye a kakar nan. Amma mu wa muke da za mu ja da mai tef?

Aka kawo siminti da ƙarafa, aka zuba wa rijiya murfi mai kaurin kamu guda, aka bar 'yar kafa a tsakiya daidai shigar guga. Tun simintin yana ɗanye aka zana sunan wani babba a kai da rubutun boko, da kwanan wata. Ranar buɗewa aka shimfiɗa tabarmi, aka yi jawabi, aka tafa. Ba zan ɓoye ba, tafina ya fi na kowa ƙara, don a layin gaba aka zaunar da ni.

Ana cikin tafi Bunu ya matso, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ina zan shiga?"

Sarkin Awo ya yi murmushi irin na masu ilimi ya ce, "Baba, ai don kada kowa ya shiga aka yi shi."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Bunu ne kaɗai bai yi ba.

Bazarar farko ta wuce ba gayya, ba fura. Ta biyu ta shigo, ruwa ya koma abin da Larai ta gani. Sau da yawa nakan tarar da Bunu ya kwanta rub da ciki a kan murfin, ya kafa ido ɗaya a kafar yana leƙe. Wata rana ya ɗago ya ce mini, "Tana shaƙewa, ina jin ta. Aikin wuni ɗaya ne rak, da hannuna ya kai." Wallahi ya ba ni tausayi, kuma na ji kunyar tafin nan nawa.

Muka haɗa tawaga, ni da Bunu da Jumare, muka je ofis roƙon a fasa murfi. Muka zauna a benci tun safe har azahar. Da aka shigar da mu, Sarkin Awo ya saurare mu da natsuwa, Allah ya saka masa. Ya ce fasawa kam ba za ta yiwu ba, akwai sunan babba a kai, wa zai ɗora guduma a kan sunan babba? Amma ya ba mu shawara kyauta: mu nemo siririn mutum.

Ban san lokacin da na juya na dubi Jumare ba, don duk kasuwar Azare ba wanda ya kai shi rashin jiki. Ya ce, "Kul, Malam, ɗauke idonka. Kafar nan ko malfata ba ta shiga." Ya juya ga mai girma ya yi godiya da Fillanci, ya ce, "Miyetti, ranka ya daɗe. Zan gaya wa shanu su rage ƙishi."

Da muka fito Bunu ya wuce gida kai tsaye. Washegari ya ɗauko dagin mahaifinsa, ya auna taku talatin daga tsohuwar rijiya, ya kafa shi, ya fara haƙar sabuwa. Mutumin da ya ba saba'in baya! 'Ya'yansa suka hana, ya ƙi. Unguwa ta ga ba dama, aka riƙa karɓa-karɓa wajen jan kwando. Kwana arba'in da biyu yana ƙasa kamar gara, yana fitowa da yamma fari fat.

Jiyan nan, bayan na kai wa Larai yaɓenta, na je karɓar igiya. Ban ja kwando biyar ba muka ji murya daga can ƙasa: "Ruwa! Ku ce Alhamdu lillahi!" Ya aiko da ƙoƙo guda, garau. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, tsofaffi suna hawaye, mata suna guɗa ta bayan danga.

Guɗar ce ta ja mana. Muka ji ƙararrawar keke. Sarkin Awo ya sauko, ya yaba mana ƙwarai, ya ce irin wannan taimakon kai da kai ake so. Sannan ya zaro tef ya shiga auna bakin rijiyar. Ya ce mun taki sa'a, akwai ragowar siminti.

Na leƙa na ce, "Malam Bunu, kama igiya mu jawo ka, ga baƙo." Sai na ji igiyar ta yi sakayau a hannuna. Ya kwance ta daga ƙugunsa.

Ya ce, "Na ji shi. Ka ce masa ya zuba murfinsa ina ciki. Ko ba komai, wannan karon ta samu mai yashe ta."

Sarkin Awo ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya ambaci doka. Bunu ya ce shi ya samu ɗan tudu a gefe ya zauna, ga ruwan alwala a kusa, bai rasa komai ba. Har yanzu da nake rubutun nan yana ciki. Ɗazu a guga na zura masa tuwo, ya maido mini da ita cike da ruwa.

Shi kuwa mai girma ya naɗe tef ɗinsa ya koma ofis, ya rubuta takarda zuwa sama yana tambaya ko doka ta yarda a rufe rijiya da mutum a ciki. Sai amsa ta zo za a san abin yi. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah ya sa takarda ta ɓace a ofis ba sai yau. Amma hankalina a kwance yake, don a wannan aikin dai ban taɓa ganin sun ba mu kunya ba.