Aljanun Likita

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina tafintar gidanmu ba. Yayana Mamman ne ba lafiya: hawan jini, zufa, zuciya na bugawa kamar ana dakan sakwara. A lopital, wato asibiti, aka gano ƙari a wata 'yar tsoka da ke saman ƙodarsa. Yaya ba ya jin Faransanci, na ce a bar min wannan. (Nawa Faransancin na cinikin atamfa ne a kasuwar Saint-Michel, amma wa ya tambaye ni?)

Likita ya yi ta bayani, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Kalma ɗaya na cafke, don ya nanata ta: "jen". Wai abin yana cikin "jen" na iyali, yana bin 'ya'ya da jikoki. Har ya tambayi abin da ya kashe Babanmu da ƙuruciyarsa.

Ko mayafi ban cire ba da na iso gidanmu a Zongo. "Inna, likita da bakinsa ya ce jinnu ne! Aljanun gida, su suka ɗauke Baba!"

Inna ta ce, "Ni dama na faɗa!"

Sati biyu muna hayaƙi da tofi. Takardar gwajin jinin da ya ce a yi wa dukanmu kuwa tana ƙasan jakata, goro ya ɓata ta.

Da muka koma, likita ya tambayi sakamakon gwajin. Na gyara zama, na shaida masa da Faransancina cewa ya kwantar da hankalinsa, jinnun nan mun kore su. Wata dattijuwar nas, 'yar unguwarmu, wadda kullum nake yi wa burga da Faransanci a rumfata ta kasuwa, ta ajiye allura.

"Wane jinnu, Hajiya? Ƙwayar halitta yake nufi. Abin da uba ke ba ɗansa a jini, kamar tsayi da hanci. Hayaƙi na canja hanci?"

Yaya ya ɗago daga gado. "Sannu da aiki, tafinta."

Wallahi ji na yi kamar in shige jakar nan. Amma tsoro ya fi kunyar, don 'ya'yana uku ne. Na ce, "Anti, maimaita min da Hausa, a hankali." Sau uku na sa ta.

Washegari na kwaso gidan kaf, har masu gardama, ni na fara miƙa hannu. An yi wa Yaya aiki, ya tashi. Gwaji ya nuna ina ɗauke da ƙwayar, haka ma autata Rabi. Ƙari bai fito mana ba, duk shekara ana duba mu, kuma ban taɓa fashi ba.

"Ban gane ba." Kalma uku kacal na ji nauyin faɗa, saura kaɗan su ci min 'ya. Yanzu ko kwatancen hanya ake min, da su nake farawa.