Banɗakin da Yunwa Ta Kashe

Kai, ma'aikatar nan ta yi dace da Manaja! Mutum ne da ko tari zai yi sai ya gyara wuyan kwat. Ranar da wani kamfani ya kawo musu banɗakin zamani na gwaji, mai narkar da abin da aka zuba masa ya mai da shi taki da ruwan kora ƙazanta, Manaja ya yi jawabin awa guda, ya naɗa wa kansa sarautar Garkuwan Tsabta.

"Wannan na'ura ba ta kowane kare da doki ba ce," in ji shi. "Ciki ma hawa-hawa ne."

Nan take ya danna kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Ma'aikata arba'in suka ci gaba da layi da butocinsu a tsohon masai na bayan sito. Shi kuwa Garkuwa, ƙarfe goma zai shige da jarida, ya fito yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya sa hannu a yarjejeniya.

Sharaɗin kamfani ɗaya ne: bayan wata uku, in na'ura na aiki a bar musu ita, a buga hoton Manaja a kalanda. In ba haka ba, a kwashe. Hoton nan kuwa ya shiga ransa, har murmushin da zai yi ya gwada a madubi.

Ranar alkawari injiniyar kamfanin ta buɗe tanki, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Ranka ya daɗe, mutum nawa ke shiga a rana?"

"Ni kaɗai," ya ce yana shafa ƙirji. "Don martabar kayanku."

"Talatin take bukata. Ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar duk yunwa ta kashe su."

Wayyo! Sai ga Garkuwa da gudu ofis-ofis, makulli na rawa a wuya. "Jama'a, ƙofa a buɗe take! Kowa ya shiga! Umarni ne!"

Wata tsohuwa mai shara ta dogara da tsintsiyarta. "Ayya ranka ya daɗe, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Mun riga mun rage tun safe."

Kafin la'asar an ɗora na'ura a mota, za a kai ta kasuwa inda ake da masu ciyar da ita. Duk da haka Manaja ya nemi a karanta rahoton a gaban ma'aikata, ko an yaba masa. Injiniya ta karanta, layi ɗaya ne: "Na'ura lafiyarta ƙalau. Abin da ke cikin Manaja ne bai taka kara ya karya ba."