Sirrin Ruwan Kazamaki

"A faɗin tsaunukan nan kaf," in ji Kazamaki Tokuji, "babu ruwan da zai taɓa harshena ya ɓoye mini asirinsa. Ku ba ni kurɓi ɗaya, in gaya muku dutsen da ya tsatso daga cikinsa, da shekarar da dusar ƙanƙararsa ta sauka, da sunan kwaɗon da ya yi wanka a ciki. Bana kuwa Beni ce za ta ɗauki kofi. Ku rubuta ku ajiye."

Wannan magana, ya kai mai karatu, ya yi ta ne a taron ƙungiyar masu kiwon kifin ado na koi ta ƙauyenmu, saura wata biyu gasar kaka. Kazamaki tsohon mai sayar da tayoyin mota ne. Da ya rufe shago sai ya haƙa tafki a bayan gidansa, ya kuma naɗa kansa masanin ruwa ba tare da ya wahalar da kowa da neman yardarsa ba. Kullum safiya yakan sa rigar biki, ya ɗebi ruwan tafkin da ludayin gora, ya kurɓa, ya kurkure, ya ɗaga kai sama yana gurgura kamar tattabara, sa'annan ya yanke hukunci. Saboda haka ne a bayan idonsa ake kiransa Ɗanɗanau.

Beni kuwa, gaskiya ɗaya ce, kifi ce ta nuna wa sa'a. Fara ce sol, da jan zane uku a gadon baya, tsawonta ya kai hannun babban mutum. Da a tafkin mai hankali ta tashi, da an daɗe da buga hotonta a kalanda.

To, Ɗanɗanau yana da wani sirri. Kakarsa, kamar sauran tsofaffin garin, takan jefa kwabon yen goma a cikin tulun furannin maƙabarta, don kada ruwan ya ruɓe, kada kuma sauro ya hayayyafa a ciki. Sai gogan naka ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya ce in kwabo guda ya isa tulu, to tafki buhu yake bukata. Ya bi bankunan gari yana canjin takarda da tsaba, ya cika tsofaffin buhunan shinkafa, ya nutsa su a cikin akwatin tace ruwa, ya rufe, ya sa kwaɗo. Ko matarsa Mitsue bai gaya wa ba. Gansakuka ta mutu, katantanwa suka mutu, kwaɗi suka kwashe iyalansu suka yi ƙaura. Ruwa ya yi garau kamar madubi, shi kuwa ya ƙara faɗin ƙirji.

Ran nan da safe Mitsue ta leƙa tafkin ta ce, "Maigida, kifin nan ba ta da lafiya. Dubi yadda take haki a saman ruwa. Kwana uku ke nan ba ta taɓa abinci ba."

Ya kurɓa, ya gurgura, ya tofar. "Ruwa lafiya lau. Tunani take yi. Kifin da za ta shiga gasa dole ta yi tunani."

"A kwance a gefe ɗaya?"

"Ke in kina tunani a tsaye kike yi?"

Maƙwabcinsu Obuchi Matsuzo, wanda gidansa ke sama da nasu a kan gangare, wanda kuma tun kakanninsa suke kiwon koi, ya ɗora haɓa a kan shinge. "Kazamaki, ka kai ruwan nan ɗakin gwaji. Tafkin da kwaɗo ya guje shi, ni ba na yarda da shi."

"Ɗakin gwajina yana cikin bakina, tsohon gwangwani. Je ka ji da kududdufinka mai kama da miyar ganye."

"Miyar ganyen dai kifina na iyo a ciki, ba sa kwanciya tunani."

Mitsue ta bar su suna musu. Da ta tashi zuwa kasuwa sai ta cika kwalba da ruwan tafkin ta sa a jaka. Bayan kwana biyu wata ma'aikaciyar ofishin gwajin ruwa, Nagumo Shiori, ta iso da takarda a hannu. Ta rusuna, ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sa'annan ta ce, "Baba, ruwanka cike yake da jan ƙarfe. Yana ƙona wa kifi hanyar numfashi. In ba a fitar da ita ba, da wuya ta kai ranar gasa. Akwai wani abin ƙarfe da ke taɓa ruwan?"

"Ko allura babu."

Kada ka zaci ƙarya ya yi. A ilimin Kazamaki, kuɗi kuɗi ne, ƙarfe ƙarfe ne, kuma ba a taɓa haɗa su a aji ɗaya ba.

"Wancan akwatin fa?"

"Sirrin gida ne, 'yata. Ba a buɗe wa baƙo." Ya sake kurɓar ruwan, ya lumshe ido, ya daɗe yana juya shi a baki, can sai ya buɗe ido a kan shingen maƙwabci. "Na ji shi. Daga sama yake gangarowa. Har tsatsar kwanon rumfar Obuchi na ɗanɗana."

Aka auna ruwan Obuchi, aka tarar da shi tsarkakakke, har jariri zai iya sha. Kazamaki ya ce wannan ma hujja ce, domin mai zuba wa wani guba ba ya barin ta a gidansa. Nan take ya toshe bututun da ke kawo ruwa daga idon ruwan tsauni, wato ruwa mai kyau guda ɗaya da ke shiga tafkin nan.

"To da me za ka cika shi?" in ji Mitsue.

"Da ruwan sama. Obuchi dai bai isa ya hau gajimare ba."

Ya juya indararon gidansa zuwa tafki. Indararon nan kuwa, tare da sarƙar adon da ruwa ke bi ya sauko, sababbi ne ƙal na jan ƙarfe, waɗanda ya sa a bara don masu wucewa su san gidan ba na ƙaramin mutum ba ne. Aka kwana biyu ana tsuga ruwa. Da Nagumo ta dawo ta auna, sai ta girgiza na'urarta, ta sake aunawa, don ta zaci lalacewa ta yi.

"Ya ninka, Baba. Indararon nan ne. Ka cire shi yau."

Ya cire, yana gunaguni. Amma da ya ga Beni ta ƙara laushi, jikinta ya yi yauƙi, jan zanenta ya koɗe, sai hankalinsa ya tashi da gaske, domin yana son kifin nan fiye da yadda yake son kowane mai rai in ka cire shi kansa. Ya durƙusa a bakin tafki ya ce, "Yi haƙuri, 'yar gidana. Magani ne ya yi kaɗan." Ya shiga mota ya nufi gari, ya dawo da sabon buhu.

Da aka auna a karo na uku, Nagumo ta zauna a kan dutse ta dafe kai.

Ganin haka Kazamaki ya aika wa 'yan ƙungiya duka takardar gayyata da rubutun buroshi, cewa ranar Lahadi da hantsi zai tona asirin mai zuba guba a gaban jama'a. Suka hallara, har da waɗanda ba su da kifi. Ya sa aka jera kofuna biyu, ɗaya daga tafkinsa, ɗaya daga na Obuchi, Nagumo ta sassauya musu wuri a bayansa. Ya ɗauki na farko, ya gurgura har idonsa ya kawo ruwa, ya tofar da ƙyama.

"Wannan ajali ne. Kifin da ya shaƙe shi ya yi wasiyya." Ya ɗauki na biyu, ya kurɓa, fuskarsa ta washe. "Wannan kuwa raɓar asuba ce. Ruwana ke nan." Ya shanye shi tas, ya kife kofin.

"Wannan karon ka gane naka, Baba," in ji Nagumo. "Na biyun naka ne. Shi ne mai gubar. Ina roƙonka ka daina sha."

Obuchi ya ce, "Shekara uku yana sha kullum safe. Ku dubi gashin bakinsa, ai ya fara kore."

Kowa ya duba. Ya fara.

Ana cikin dariya sai aka ji ƙarar guduma. Mitsue ce a bakin akwatin tace ruwa, ta fasa kwaɗon da bugu biyu. Ta ɗaga murfi, ta jawo buhu guda, buhun da ya riga ya ruɓe ya yage, tsabar yen goma ta zubo a kan duwatsu, kowane kwabo ya yi kore shar. Ta jawo na biyu, ta jawo na uku.

"Ashe nan canjin gidan nan yake zuwa," in ji ta. "Ni kuwa ina ta zargin aljihun wandonka."

"Baba," Nagumo ta ce a hankali, "ka ce mini ko allura babu."

"Kin tambaye ni ƙarfe. Wannan kuɗi ne."

"Da me kake zaton ake ƙera shi?"

"Da izinin hukuma. Kina nufin gwamnati za ta buga guba ta sa mata hoton ɗakin ibada?"

A lokacin nan Obuchi ya riga ya tuɓe takalmi ya shiga tafkin har ƙugu. Ya tallabo Beni da hannu biyu kamar jinjira, ya sa ta a shuɗin baho, mutum huɗu suka ɗauka suka haura gangare da ita. A cikin miyar ganyen nan ta yi jinya. Kwana biyar ba a san inda za ta faɗa ba, a na shida ta karɓi abinci, kafin ƙarshen wata jan zanenta ya dawo kamar an sake shafa shi.

Ranar gasa Beni ta ɗauki kofi. Sai dai dokar ƙungiyarmu, wadda Kazamaki da kansa ya kawo ta shekaru biyu da suka wuce don ya hana wani shiga, ta ce kifi yana shiga gasa ne da sunan wanda ya kwana talatin a ruwansa. Saboda haka allon da ke jikin bahon ya ce Obuchi Matsuzo, da manyan baƙaƙe.

Da wani ne, da ya ɓuya a gida. Kazamaki kuwa ya zo da rigar biki, ya tsaya kusa da bahon yana gaya wa baƙi cewa shi ya yi annabcin wannan nasara tun wata biyu, kuma kowa shaida ne. A wajen liyafa ma ya miƙe ya ce ilimi irin nasa bai kamata ya zauna banza ba, ya dace ƙungiya ta ba shi muƙamin mai kula da ruwa.

Obuchi ya ajiye kofin giyarsa. "Ai mun riga ka. Mun tattauna jiya, kuma babu wanda ya ƙi. Daga yau kai ne mai kula da ruwa."

Kazamaki ya gyara wuyan riga, ya dubi matarsa ta gefen ido. "Na dukkan tafkunan ƙauye?"

"Na tulunan furannin maƙabarta. Ka tafi da buhunanka, ka zuba yadda ranka yake so."

"Me ya sa maƙabarta?"

Mitsue ce ta amsa, ba tare da ta ɗaga kai daga kwanon shinkafarta ba. "Can ne kaɗai, Maigida, za ka tarar an riga an yi maka aikin, babu sauran mai mutuwa."